Mita ta Asali

Juma'a, 3 ga Yuni 1977, da hantsi

Jiya na ga talabijin da idona. Alhaji Maiwada ne ya sayo ta a Kano. Bayan magariba ya sa aka fito da ita ƙofar gidansa aka ɗora a kan tebur, injin wuta yana ta ruri a bayan katanga, ga wata doguwar gora a kan soro da ƙarafa a kanta kamar ƙashin kifi. Maza a gaba kan tabarmi. Mu mata an kewaye mana gefe da gajeriyar zana, muna hange ta sama. Inna ta ce ba za ta je ba, tun la'asar take jera dalilai, sannan ta riga kowa ɗaukar mayafi.

Bayan labarai aka sa wani shiri na Turanci. Wani Bature mai sanƙo yana tsaye a gaban manyan duwatsun Masar yana magana, jama'a sun yi tsit suna kallon bakinsa. Malam Haruna na makarantarmu, wanda ya kamata ya fassara, ya tafi kwas. Sai na ji muryar Baba daga cikin maza yana cewa ai 'yarsa Lauratu ta gama firamare bara, Turanci kuwa a bakinta kamar ruwa. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Aka matso da ni bakin zana. Na faɗi magana ta farko, ko Inna da ke kusa da ni ba ta ji ba. Sai Malam Datti, ladanin unguwarmu kuma aminin Baba, ya zo ya zauna ta ɗaya gefen zanar, ya ce in riƙa faɗa masa a hankali shi kuma ya ɗaga wa jama'a. Haka aka yi. Ni in ce mutanen Masar da kamu suke awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, shi ya ce Fir'auna duk da girman kansa da kamu yake sayen yadi. In na ba shi mudu, tiya yake fitarwa.

Sunan shirin, yadda na iya juya shi, Tarihin Awo. Da mata suka ji awo sai suka gyara zama, suna jiran a faɗi yadda gero yake a Kano. Har aka gama ba a faɗa ba. An dai ce a Ingila da can ƙwayar sha'ir uku a jere ita ce inci, kuma wai yadi daga hancin wani sarki ne zuwa babban yatsansa. Wannan ya yi wa Baba daɗi, don yadi yake sayarwa a kasuwa. A hanyar gida ya ce da sarkin nan Bafulatani ne irin dangin Inna, da yadi ya gajarce, don hanci ya cinye rabin hanya. Inna ta ce ya ji da tocilan da ya bari a kan tabarmar mutane. Ya koma ya ɗauko.

Duk Alhamis za a riƙa yin shirin har ƙarshen wata. Ina roƙon Allah Malam Haruna ya dawo.

Talata da yamma

Bai dawo ba. An ce sai kaka.

Juma'a, 10 ga Yuni, da azahar

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Shirin kawai zan rubuta.

Jiya Baturen yana Faransa. Ya ce da can kowane gari da irin ma'auninsa, kullum ana rigima a kasuwa. Sai malamansu suka taru suka fitar da ma'auni guda na kowa da kowa, ya ɗan ɗara yadi, suka sa masa suna mita. Suka ƙera shi da ƙarfe mai tsada suka kulle a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. An nuna mana shi a cikin akwati, yana ta ƙyalli.

Ni abin da mutumin ya faɗa na faɗa. Kalmar tasu ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Da na san wata da na sa. Ba laifina ba ne in sunan sandarsu ya zo ɗaya da yawan ƙorafi da maimaita magana a Hausa.

Malam Datti ya ɗaga murya irin ta kiran asalatu ya ce Bature ya ce mita ta asali tana Faransa a kulle, duk wata mita da ke duniya a jikinta aka kwafa. Tun daga nan maza suka fara 'yar dariya. Sannan Baba ya yi magana. An yi dariya har Alhaji Maiwada ya zamo daga kujera. A gefenmu ma wasu sun toshe baki da mayafi.

Inna ba ta ce komai ba a hanyar gida. Baba ya sake barin tocilansa. Tocilan ɗin tana can har yanzu.

Asabar da safe

Gidanmu shiru.

Kullum da muryar Inna nake tashi. Daga kan ƙofar garken awaki take farawa, ta biyo ta kan indararon soron Baba da ya toshe tun bara, ta gangaro kan hularsa, da almakashinsa, da irin gyaɗa da ɓera yake ci, da gaisuwar da bai je ba. Ba ta jiran amsa. Tana yi tana hura wuta, tana yi tana tankaɗe. Yau ta hura wuta, ta dama koko, ta ajiye wa Baba a ƙofar ɗakinsa, ba ko tari.

Baba ya ce wa Malam Datti ta kan katanga rabon da ya yi barcin safe irin na yau tun yana saurayi.

Lahadi da la'asar

Na je rijiya. Wata mata ta ce min, sannu 'yar gidan Faransa. Yara biyu sun bi ni a baya suna tambaya ko da makulli muke rufe ta.

To bari in rubuta sau ɗaya in huta. Abin da Baba ya ce shi ne: "Wannan Baturen bai zo Gaya ba. Mita ta asali tana gidana, ni nake ajiye da ita. Ta Faransa ce kwafi."

A gaban rabin gari ya faɗa, Inna tana zaune a bayan zana. Shi ke nan, na rubuta.

Litinin

Baba ya tafi kasuwa ba almakashi. Da haƙori ya yini yana tsaga yadi. Inna ta ga almakashin a kan turmi lokacin da zai fita. Na ga ta gani.

Laraba, 15 ga Yuni, da hantsi

Inna ta je Gafasa duba Hajo, kakata. Jiya ta bi akori-kurar 'yan kasuwa bayan Baba ya fita. Hajo lafiyarta ƙalau, amma ai mai lafiya ma ana duba shi. Kafin ta tafi ta kama hannuna ta nuna min inda daddawa take, da kuka, da kanwa. Da yatsa ta nuna. Ta tafi da akwatinta babba, wataƙila don ƙaramin marfinsa ya lalace.

Da Baba ya dawo na faɗa masa. Ya ce to, madalla, zumunci abu ne mai kyau. Ya daɗe a tsaye a tsakar gida. Daga baya ya tambaye ni wane akwati ta ɗauka.

Na tuƙa tuwo. Ya yi gudaji. Baba ya ci yana ware su gefen kwano kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Juma'a da safe

Na ce kaina yana ciwo jiya, amma Alhaji Maiwada ya aiko har gida, ya ce ba ni ba shiri. Na je.

A kan kilo aka yi. Wani ɗan guntun ƙarfe ne kamar ƙaramin gwangwanin madara, an kife shi da gilashi, an kife gilashin da wani gilashin, ba a taɓa shi da hannu sai da abin kamawa. Malam Datti ya ce wa jama'a da wannan za a riƙa auna nama nan gaba. Wani mahauci ya tambaya kilo aka ce ko ƙila, don shi in ƙila ce ya daɗe yana awo da ita.

Mata ni suka fi kallo a kan talabijin. Suna ta tambayar jikin Hajo. Na ce da sauƙi.

Baba a can baya ya zauna. Sau biyu aka bar masa fili don ya yi barkwanci kamar yadda ya saba, har mutane suna waiwayowa. Bai tanka ba.

Asabar da yamma

A kasuwa yanzu Faransa ake kiran rumfar Baba. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, da gaske ne hukuma ta ce masu yadi su koma awo da sabon ma'aunin, shugabansu ya rarraba musu sanduna jiya. Duk wanda ya zo sai ya ce a auna masa da ta asali. Baba ba ya iya faɗin sunan sandar. Abin nan yake ce mata. Ya ƙi shigo da ita gida, a zaure take kwana.

Inna tana Gafasa. Ta je duba Hajo.

Litinin, 20 ga Yuni, da azahar

An yi ruwa mai yawa da asuba. Indararon da ya toshe ya tara ruwa a kan soro, soron ya jiƙe, ya yoyo daidai kan dilar yadin Baba. Jan yadi ya zuba a kan fari. Tun safe muke shanya a tsakar gida, da kan katanga, da kan rumbu. Mai wucewa zai zaci biki ake yi. Akuya ta fito, don ba wanda ya ɗaure ƙofar garken, ta ci bakin bandir guda, ta ƙara da gefen hular Baba.

Baba ya zauna a kan turmi ya ce abin da yake ba shi mamaki, a ce gida guda ba wanda zai tuna wa mutum abu. Sannan ya ce daga yau ni zan riƙa tuna masa.

Talata da hantsi

Na gwada. Da zai fita na ce, "Baba, almakashi."

Ya ce to, ya fita, ya bar shi. Da ya dawo ɗauka ya ce ai ba haka ake yi ba. "Ke sau ɗaya kike faɗa, Laure. Magana sau ɗaya ai ba ta kama mutum."

Na ce to sau nawa zan faɗa. Ya ɗauki abinsa ya tafi.

Laraba da magariba

Baba ya aiki Malam Datti Gafasa a kan keke, da ƙwaryar goro da turmin atamfa. Ba a ce min biko ba ne. An ce gaisuwar Hajo ce.

Ya dawo yanzu, ina jin su daga zaure, don ko raɗa Malam Datti ya yi ana ji a masallaci. Ya ce ya samu Kawu Bubayero, yayan Inna, a gindin bishiya da mutane da yawa. Ashe Inna ba ta faɗa wa kowa dalilin zuwanta ba, ko Kawu bai sani ba. Sai Malam Datti ya ga ya kamata ya wanke Baba tun daga tushe. Ya ba su labarin Masar, da hancin sarki, da Faransa, ya maimaita musu maganar Baba kalma da kalma, sannan ya bayyana musu cewa yabo ne, tun da a Turai mita abin girmamawa ce, har gwamnati ta ce kowa ya koma kanta.

Yanzu Gafasa ma ta ji.

Atamfar ta dawo. Goron Hajo ta riƙe, ta ce shi ba ruwansa.

Juma'a

Jiya a kan lita aka yi, da yadda ake auna ruwa da mai. Na fassara. Ban tuna abin da na ce ba.

Tuwon yau gudaji uku kawai. Ba wanda zan nuna wa.

Lahadi, 26 ga Yuni, da la'asar

Jiya mun je Gafasa ni da Baba. A bayan kekensa ya ɗauke ni, hanya duk caɓi, mun tura fiye da yadda muka hau. A hanya ya ce in na shiga in ce wa Inna gida lafiya lau, ba abin da ya lalace. Can kuma ya ce a'a, in faɗa mata maganar dilar yadin. Can ya ce kada in faɗa.

Tun daga bakin shinge na jiyo muryarta. Tana cikin 'yan uwanta suna sussukar tsohon gero, tana ta zuba da Fillanci, ana dariya. Sai da na tsaya na ɗan saurara kafin in yi sallama. Da ta ji sallamar Baba a waje sai ta yi ɗif, kamar an kashe injin Alhaji Maiwada.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Kitsona ya tsufa, zanena da tabon jan yadi. Na ga maganar ta taso mata har wuya. Ta haɗiye. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe min kai ta yi sabon kitso, tana ja da ƙarfi fiye da yadda ta saba. Ban yi kuka don zafin ba.

Hajo ta ba ni fura da nono, ta tambaye ni ko gaskiya ne mutum yana cikin akwatin talabijin ɗin, kuma wa yake ba shi abinci.

Daga inda nake ina jin su Baba a gindin bishiya. Kawu Bubayero a hankali yake magana, sai ya ajiye kalma ta huce kafin ya ɗauko wata. Ya ce su ba masu son raba aure ba ne. Amma ƙanwarsa tana da gona a nan, ga damina ta kama, in wata ya ƙare ba a gyara ba za ta yi shuka, wanda ya yi shuka kuwa sai ya jira girbi, bayan girbi kuma sai a duba. Ban so wannan sai a duban ba.

Baba ya ce ai ga shi ya zo da ƙafarsa. Kawu ya ce ba a nan aka yi ɓarin ba, don haka ba a nan za a kwashe ba. "A gaban akwati ka faɗa, Barau. A gaban akwati za ka janye, da mutanen da suka yi dariyar."

Baba ya ce ko a ƙofar masallaci, ko a gaban mai unguwa. Kawu ya ce a'a, sai da Baturen a wurin, don shi ma shaida ne.

Ranar Alhamis ne shiri na ƙarshe. Kawu zai kawo Inna. In ta gamsu ta kwana a ɗakinta, in ba ta gamsu ba su juyo tare.

Talata da safe

Baba yana gwaji a bayan rumbu. Yana zaton ba na ji. Yakan fara da kyau, jama'a salamu alaikum, ni Barau na yi kuskure. Yana kaiwa tsakiya sai wani barkwanci ya faɗo masa, ya faɗa, ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya yi tsaki ya koma farko. Akuya ce kawai take sauraronsa, ita ma hular take kallo.

Ya tambaye ni yadda ake ba da haƙuri da Turanci, ko ya fi gajarta. Na ce sori. Ya juya ta a baki ya ce wannan ko yaro ba za ta rarrasa ba.

Laraba

Ya gyara indararo. Ya ɗaure ƙofar garke da sabuwar igiya. Ya je gaisuwar da bai je ba tun azumin bara, mutanen har sun manta wa ya rasu.

Alhamis da azahar

Na share ɗakin Inna. Na kasa cin abinci.

Juma'a, 1 ga Yuli, da hantsi

Ban taɓa ganin taro irin na jiya ba. Har daga Balan mutane sun zo, kuma ba don Baturen ba. Inna ta iso da Kawu ana kiran magariba, ta wuce bayan zana ta zauna kusa da ni, mata suka buɗa mata wuri kamar matar hakimi. Kawu ya zauna a gaba, sandarsa a kan cinya.

An shirya Baba zai yi magana kafin a fara shirin. Alhaji Maiwada ya dube shi, Baba ya ce a bari a ji labarai tukuna. Aka gama labarai, ya ce ai bai kamata a tsayar da baƙo ba, a bar Baturen ya gama.

Baturen ya koma ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa. Ya sake buɗe akwatin, ga sandar tana ƙyalli. Jama'a suka gane ta, aka fara gyaran murya. Sai ya ce wannan sandar ta yi zamaninta. Ya ce tun shekarar 1960 aka daina dogara da ita, an samo sabuwar hanya da hasken wata irin fitila, wadda ta fi ta daidai kuma ba ta tsufa. Tsohuwar an ajiye ta ne kawai don tarihi. Ya rufe akwatin.

Duk taron nan ni kaɗai na ji abin da ya ce. Kowa ya san abin da mazan Gaya za su yi da magana irin wannan: an ajiye ta asali, an samo sabuwa. Ko Baba bai buɗe baki ba, wani zai buɗe masa. Kekensu Kawu kuwa yana jingine a bakin hanya.

Malam Datti ya kara kunne a jikin zana yana cewa me ya ce, me ya ce. In na ba shi ko mudu ne, na san abin da zai fitar. Sai na miƙe tsaye. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da ƙarfi, har muryar ta ba ni tsoro:

"Ya ce har yau tana nan a ɗakinta, ana riƙe da ita da daraja. Ya ce ba a wasa da ita."

Na zauna. Malam Datti ya rasa abin ƙarawa, ya ce to kun dai ji.

Kawu Bubayero ya juya ya dubi Baba. Baba ya miƙe. Babbar rigarsa ya sa, amma a bai-bai, ga hular da akuya ta taɓa. Ya yi sallama, ya ce shi Barau ya yi kuskure. Nan ne fa wurin da yake zamewa. Bai yi barkwanci ba. Abin da ya yi ya fi barkwanci muni. Ya ce maganar da ya yi ƙarya ce tsagwaronta, Hanne ba ta mita, tun da ya aure ta bai taɓa jin ta maimaita magana ba, mace ce mai shiru kamar 'yarta.

Wurin ya yi tsit, irin tsit ɗin da dariya take bi. Na ga kafaɗun Alhaji Maiwada sun fara motsi.

Sai na ji murya a gefena.

"Ƙarya kuma, a gaban ladan? Wa ya ce ka ce ba na yi? Ina yi, Malam, kuma zan yi. Cewa aka yi ka ba da haƙuri."

Ba ta miƙe ba, ba ta ɗaga mayafi ba, amma har bakin hanya an ji. Ta ce ya dubi rigar da ya shigo da ita cikin mutane. Ta ce ya dubi hularsa. Ta ce in ba don mitar ba da tuni ya je kasuwa ba wando. Ta ce ta ji labarin dilar yadi tun a Gafasa, kuma sau nawa ta faɗi maganar indararo, tun kafin a haƙa sabuwar rijiya take faɗa. Ta ce wa ya ce ya tsayar da yarinya mai kunya a gaban maza tana yi wa Bature tafinta. Daga nan ta koma baya, ta ɗauko wata tukunya da ya fasa tun ina goye.

Mutane suka juya wa talabijin baya gaba ɗaya. Baturen yana ta nuna fitilarsa ba mai kallo. Alhaji Maiwada ya ce a kashe inji kada mai ya tafi a banza, da aka kashe kuwa sai muryar ta ƙara fitowa.

Baba yana tsaye, kansa a ƙasa. Duk inda ta ja numfashi sai ya ce, "Haka ne. A yi haƙuri." Ta ci gaba, ya sake cewa. An yi dariya, amma wannan karon ba ita ake yi wa ba, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kawu Bubayero ya bari sai da aka kira isha, sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce sau ɗaya suka nema, an ba su da yawa, shi zai koma.

Shi kaɗai ya koma.

Asabar da safe

Tun asalatu aka fara. Igiyar garke ba irin wadda ake ɗaurawa ba ce. Indararon an karkata shi wajen maƙwabta. Tukunyar tuwo kamar an yi yaƙi a cikinta, wannan da ni ake. Baba yana shan koko a ƙofar ɗakinsa yana cewa haka ne. Malam Datti ya leƙo ta kan katanga ya tambaye shi yaya kwanan gida. Baba ya dubi wajen murhu, ya ce lafiya lau, ya tsaya a nan.

Da ya fita, da almakashinsa, Inna ta kira ni in riƙe mata rariya. Tana tankaɗe ba ta dube ni ba, ta ce ita ba ta jin Turanci amma tana da ido. Ta ga mutumin ya rufe akwatin ya koma wajen fitila.

"Abin da ya faɗa ke nan, wanda kika faɗa?"

Na ce kusan haka.

Ta ɗan yi shiru, ni kuwa yanzu shirunta nake tsoro. Sannan ta kaɗe rariyar ta ce, "To. Mai awo ma yakan yi gyara."

Daga nan ta koma kan yadda nake riƙe rariya, wai kamar ba a gidan nan aka haife ni ba. Na gudo ɗaki in rubuta wannan, amma dole in ajiye. Tana kirana, kuma ba sau ɗaya ba.